Waƙar da Kaka Stoyna ta Kulle

"Lafiya lau, angona. Kai da wannan akwalar kwamfutar taka, wa zai fara mutuwa?"

Kaka Stoyna ke nan take tsokanar jikanta, ta dogara sanda a gindin dandamali. Ranar bikin ƙauye ce a saman dutsen Rodopi. Tun hantsi aka taru, amma lasifika shiru. Injiniyan da aka ɗauko daga birnin Plovdiv yana can yana yawo da wayar hannu a sama, don manhajarsa ta sauti mai tsada ta ƙi buɗewa sai ta ga intanet ta tabbatar da lasisi, dutsen kuwa ko ɗigon sabis babu. Zdravko, jikan tsohuwar, ya ji daɗi har cikin ransa, don shekara biyu tana yi wa manhajarsa ta kyauta, wadda kowa ke da izinin gyarawa, dariya.

"Amarya, tawa ce za ta fitar da muryarki yau."

"Tsintacciyar mage ba ta mage! Abin da kowane gaula ke tsoma hannu a ciki?"

"Shi ya sa in ta lalace muke gyarawa. Ta wancan bawan Allah ta kamfani ce, haya yake yi. Kayan aro ba ya rufe katara."

"Araha dai ba ta ado. Dubi wandonka."

"Ke kika ɗinka shi."

"Da ido ɗaya, don ba ka cancanci biyu ba. Jona mini makirufo!"

Zdravko ya rufe kwamfutar. Akwai waƙar girbi da Kaka ta gada wurin uwarta, ba ta taɓa koya wa kowa ba, ba ta yarda a naɗa ba. Shekarunta tamanin da huɗu, kuma bana tarinta ya tsorata shi.

"Sai kin yarda in naɗa, matan ƙauye su koya."

"Waƙar uwata? A bakin Penka mai muryar akuya? Ko sama da ƙasa za su haɗe!"

"To ke da manhajar can uwarku ɗaya. Kin kulle, kin haɗiye makulli. Rijiya ta bayar, guga ya hana."

"Ni ce gugan, ɗan neman magana?"

"Tsohon guga ma. Ran da igiya ta tsinke fa, Kaka? Wa zan tambaya?"

 Tsohuwar ta dube shi, ta dubi injiniyan da yanzu ya hau kan katanga yana neman sabis, sai ta fashe da dariya har da tari. Ta zaro burodin banitsa mai cuku daga aljihun gabanta ta cusa masa a hannu.

"Ci, ka yi ƙiba, ango ba ya ramewa. Danna abin naka. Ka ba Penka, ka ba akuyoyinta ma." Ta jawo makirufo. "Amma in na mutu, kada ka bari kowa ya nemi lasisi kafin ya ji ni."