Hatimi a Bayan Faifai

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na kunyata mijina Mustafa, baban Falmata, a gaban baƙi, a tsakar gidanmu na Diffa. Lokacin ina goyon fari, komai tsoro yake ba ni.

Shi dai ya koyo aikin ordinata, wato kwamfuta, a Damagaram, ya dawo ba aiki. Sai wani Alhaji mai fataucin tattasai ya ce ya gina masa porogaram ta lura da buhunan da ke shigowa sito daga bakin kogin Komadugu. In ta yi kyau zai ɗauke shi aiki. In ba haka ba, sai tafiya Bosso wajen wansa, bandar kifi.

Faifai biyu na harsunan gina porogaram ya sayo a Maiduguri, ɗaya Delfi, ɗaya Jaba. Ya ce mini kamar mai gini ne, sai ya zaɓi tubali ko siminti kafin ya sa harsashi: ɗaya tsohuwar ordinatar Alhaji za ta iya ɗauka, ɗayan kuma shi ake yayi, amma yana da nauyi. Kullum yana zaune yana jujjuya su, tuwo na hucewa. Ya rame (ni ma na rame, don kallonsa).

To, a gidanmu in abu ya rikice, wajen malam ake kai shi. Yana fita masallaci na naɗe faifan duka biyu a gefen zane, na saɓa Falmata. Malam ya duba, ya nuna ɗaya, ya ce: "Wannan ne mai haske, 'yata." Ya tsoma alƙalamin kara a tawada, ya zana hatimi a gefen da ke ƙyalli. Da ta ƙi zama sai ya danna da ƙarfi. Ni kuma, da wayona, na ce a yi wa ɗayan ma, kada a bar shi haka.

Washegari Alhaji ya zo da ɗansa mai karatu a Yamai, su ga zaɓin. Ina bakin murhu. Aka sa faifai, ordinata ta yi gurnani ta tofo shi. Na biyu ma haka. Ɗan Alhaji ya juya shi, ya ɗaga wa rana, ya ga hatimin, sannan ya dubi mijina.

"Malam Mustafa, wannan sigar a wace lakwal ake koyar da ita?"

Da na yi shiru, da sauƙi. Sai na ji bakina yana cewa: "Wanke shi ake yi a sha, ranka ya daɗe."

Alhaji bai yi dariya ba, takalminsa ya nema. Ruwa ya cika kogi, hanyar Maiduguri ta yi wuya balle a sayo wani faifan, shi kuwa tattasai ba ya jira. Aka ba wani aikin.

Baban Falmata bai zage ni ba. Ranar da zai hau motar Bosso ya ce kawai: "Kin zaɓa mini, maman Falmata."

Tun daga nan, in na ga mutum ya rasa abin zaɓa, addu'a nake masa daga nesa, hannuwana a cikin kwanon wanke-wanke.