Ranar da Aka Kama Garin Goggo

Jama'a, yau da safe hukuma ta kama garin masarar goggona. Buhu shida aka ɗaura wa jan ƙyalle, ni kuma aka aiko in zo beli ko karyawa ban yi ba.

Goggo ƙanwar mahaifina ce. Shekara talatin tana sayar da gari a bakin kasuwa, tinƙahonta ɗaya a duniya: irin kakanmu take shukawa, ba ta taɓa sayen na kanti ba. Har a allon rumfarta ta sa an rubuta "tsantsar irin gado", shi ya sa mutane ke tsallake rumfa goma su zo wurinta.

Sai ga wani ranka-ya-daɗe ya sauko daga mota mai sanyi, da farar riga da safar hannu, mutum huɗu na take masa baya, ɗaya aikinsa riƙe lema kawai. Ya dama garin a 'yar kwalba, ya tsoma wani siririn tsinken takarda, layi biyu suka fito.

"Mama, akwai ɓurɓushin masarar da aka sauya wa ƙwayar halitta a garinki. Allonki ƙarya yake yi, an rufe rumfa."

Goggo ta dafe ƙirji. "Ni? Ɗan nan, da wane ilimin zan sauya wa masara halitta?"

Ni dai na jinjina wa manyanmu, Allah ya ƙara basira. Bara su suka raba wannan irin da aka sauya wa halitta da kiɗa da jawabi, bana kuma su ke farautarsa rumfa-rumfa. Aiki ai ba zai taɓa ƙarewa ba.

Da na iso na ce, "Yallaɓai, ruwa ba ya tsami banza. Mu leƙa wurin mai niƙa."

Muka same shi fari fat har gashin ido. Yallaɓai ya tambaye shi sau nawa yake wanke inji, mutumin ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Wanke inji? Ai kwanon farko da ke fitowa na wanda ya riga ka ne, naka na ƙarshe kuma rabon mai bin bayanka. Kowa ya san haka."

"To wa ya riga Mama ranar Talata da ta kawo niƙa?"

Mai niƙa ya sosa ƙeya. "Maiɗakinka ce, yallaɓai. Buhu goma daga gonarka."

Laifi tudu ne, jama'a! Yallaɓai ya yi tari, ya ɗaga tsinken ya duba a rana, ya ce wani lokacin zafi kan ruɗa na'ura. Nan take ya rubuta takardar cewa garin Goggo tsantsa ne, ya buga hatimi har biyu.

Na ce, "Goggo, mun yi nasara, a bar kaza cikin gashinta."

Muna isa rumfa ta jiƙa tsumma ta goge allon nan tas, idonta ya yi ja.

"Takarda ta ce babu, ni na san akwai. Ba zan fara yi wa mutane ƙarya da furfura ba."

Wallahi abin ya taɓa ni. Kafin azahar ina kallo masu sayenta na shekara da shekaru suka duba allon, suka gaishe ta, suka wuce rumfar gaba.

Takardar dai tana nan mun rataye ta a ƙusa. Duk mai neman tsantsa ya zo ya taya, ita kaɗai ce ba ta bi ta inji ba.