Falon Oga Birni

Duk faɗin Magajin Gari babu wayayye kamar Labaran. Wannan ba jita-jita ba ce, shi da bakinsa ya faɗa. Damina guda ya yi a Kaduna yana tsaron shagon yayansa, ya dawo da baƙin tabarau da wata tafiya ta ƙyamar ƙasa. Samarin unguwa suka laƙaba masa Oga Birni, shi kuwa ya ɗauka naɗi aka yi masa.

Da aka sa ranar aurensa da Jannatu 'yar Randagi, Oga ya kama ciki da falo a bayan kasuwa. Falon dai, in ka miƙe ƙafa ka gaisa da bango. Dukiyarsa kaf katifa ce da buta da madubi, madubin ma ya fi shan aiki. Amma hankalinsa kwance, don kowa ya san al'ada: namiji ya samo ɗaki, dangin amarya su cika shi da gado da kujeru. A kan jeren nan Oga ya ɗora duk burinsa.

Kwatsam aka aiko cewa gwaggonnin amarya za su zo ganin ɗaki, su san abin da za su saya. Mai hankali sai ya share ɗaki ya bar shi fayau, su ga rami su cike. Ina! Oga guda, mutanen ƙauye su tarar da shi a kan katifa?

Ya bazama maƙwabta. Malam Ephraim na firamare ya ba shi aron kujerun kushin. Isah mai shayi ya ba shi firij ɗin da ya mutu tun bara. Matar mai gidan hayar ta ba da gadonta da labule da kafet, tana gargaɗin a dawo mata da su kafin la'asar. Ɗaki ya cika maƙil, sai a kaikaice ake shiga.

Gwaggo Asibi da tawagarta suka sauka daga babura, zannuwa duk taɓo. Oga ya gyara tabarau.

"Ku shigo, Gwaggo, ku yi haƙuri da ɗan wurin. Kujerun nan daga Kaduna na sa aka kawo, irinsu ba su fi uku ba a jihar nan. A'a, kar ki buɗe firij, sanyi zai gudu. Ai mu a birni, wayayyen namiji ba ya jiran surukai su yi masa kayan ɗaki. Abin kunya ne."

Gwaggo Asibi ta shafa kujera, ta danna gado, ta rangaɗa guɗa.

"Kai, ɗan nan, Allah ya yi maka albarka! Dama bana ɓarayin daji sun hana ubanta shiga gona, tunanin sayen gado ya hana shi sakat. Ka sauke mana dutse."

Oga ya yi murmushin manya. Sai da babura suka tashi ya gane ɓarnar da ya yi wa kansa. Da ya bi su da gudu ya faɗi gaskiya, da an gyara. To, wayayye ba ya gudu a titi. Kafin la'asar kowa ya kwashe abinsa, dama kayan aro ba ya rufe katara.

Ranar jere Oga ya tsaya bakin hanya yana hangen a-kori-kura, ko Allah zai sa sun yi mantuwa. Abin da ya iso: tukwane, tabarma, akwati, da tumaki biyu. Uban amarya ya ce tunda babu masakar tsinke a ɗakin, gara ta tafi da abin kiwo.

Gwaggo Asibi ta leƙa falo ta riƙe haɓa. "Ɗan nan, ina kujerun?"

"An kai su Kaduna sabis, Gwaggo. Irinsu ba a gyara su a nan."

A garin nan kuwa yanzu ba mai barin dabba a waje saboda ɓarayi, don haka aka ɗaure tumakin a falo. Da aka kawo amarya jama'a suka watse, Jannatu ta ɗaga mayafi, ta dubi bango huɗu, ta dubi angonta. Ta miƙa masa tabarma.

"Oga, ka zauna da baƙinka. In kujeru sun dawo daga sabis, ka ƙwanƙwasa."

Ta shige ciki ta sa sakata.