Kwanon Nafi'u a Ciyayya

Yaran yanzu kun iya lissafi, amma ba ku iya kunya ba. Da mutum ya ji ana maganar tattali a waya sai ya ɗauka shi ya gano shi, alhali tun ba a haifi ubansa ba muke raba daddawa ɗaya miya biyu, kuma ba wanda ya kwana da yunwa. Tattali daban, mugun wayo daban. Wanda bai san bambancinsu ba ya zauna ya ji abin da ya sami Nafi'u mai gyaran waya.

A layinsu ana ciyayya. Da an idar da magariba kowane magidanci zai fito da kwanonsa dakalin Baba Ilu mahauci, a jera, a ci na wannan a koma na wancan. Nafi'u sabon aure ne. Ya dubi tsadar kasuwa, ya dubi kwanukan nan, sai ya ce ya samo dabara. Ya shiga gida ya kafa wa matarsa Hansatu doka: an soke nama, an soke kifi, manja sai ranar Juma'a, shi ma cokali guda. Tuwo da miyar kuka kullum, kukar ma a barbaɗa ta kamar magani.

Idan ya fito da kwanon sai ya tura shi can bayan butoci, murfi a rufe, shi kuma ya tsuguna daidai kwanon Baba Ilu inda kayan ciki ke ninƙaya a mai. Kafin a zo kan nasa kowa ya ƙoshi. Ya ɗauki abinsa ya koma gida, da safe a ɗumama, an yi karin kumallo ke nan. Har a shago yake yi wa abokai fankama, wai shi tsadar rayuwa ba ta san ƙofar gidansa ba.

Abin da bai sa a lissafinsa ba shi ne mace ba ta zuwa dakali. Shi kumatu suka fito, wuya ya yi kauri, maɓallin riga ya daina shiga. Ita kuwa Hansatu, da ruwan kukar nan take kwana take tashi, har zobe ya fara zamewa daga yatsarta. Yarinya mai zurfin ciki, ba ta faɗa wa kowa ba. Dattawan dakali duk sun lura da kwanon da ba a buɗewa, suka zuba masa ido.

Rannan sai ga mahaifinta, Malam Barau, ya zo daga ƙauye duba ta. Ya ga 'yarsa, ya ga mijinta. Da magariba aka fita da shi dakali. To suruki ba ya haɗa kwano da mijin 'yarsa, dole Nafi'u ya raɓe jikin bango yana sosa ƙeya. Baba Ilu ya yi wa baƙo maraba, ya miƙa hannu bayan butoci ya jawo kwanon nan, ya ce a al'adarsu baƙo da kwanon gidan da ya sauka yake farawa. Ya ɗaga murfi da kansa.

Miya tsararo, ana hango tuwon a ƙasa kamar dutse a rafi. Malam Barau ya tsoma yatsa ya lasa, sannan ya ɗaga kai.

"Nafi'u, abin da yarinyar nan take ci ke nan?"

"Baba, tattali ake yi, saboda yanayin gari."

"To kai a wane gida kake yin naka tattalin, da ya karɓe ka haka?"

Wani dattijo ya ƙware da ruwa, sai da aka bubbuga masa baya.

Washegari Malam Barau ya sa 'yarsa a gaba suka tafi, ya ce za ta dawo ran da zobe ya zauna a yatsarta. Duk abin da Nafi'u ya tara ya ƙare a kuɗin mota, da goro, da atamfar biko. Kuma ba a ba shi ita ba sai da sharaɗi: kullum nama a tukunya, kwanonsa kuma shi za a fara buɗewa a dakali.

Ranar farko ya je teburin Baba Ilu, aka yanka masa nama aka naɗe. Ya tsaya yana jujjuya ƙunshin, ya ƙi tafiya, wai shi tun da yake bai taɓa ganin an sayar wa maƙwabci nama ba gyara ba.

Baba Ilu bai ko ɗaga kai daga wasa wuƙarsa ba.

"Gyaranka ka riga ka karɓa, yaro. Shafa kumatunka ka ji shi."