Ranar Da Na Rantse Bos Bai Mutu Ba

Ko haƙorana za su zube don tsufa, ba zan taɓa mantawa da ranar da na je gaisuwar rasuwa Kagoma ba, ranar da bakina ya kusa kashe mini aure tun ba a ɗaura shi ba.

Ni dai mayen gem ne, wato wasan bidiyo (malamin sakandare ne fa, da gemuna da komai). A lokacin ina neman Ladi, kuma a duk danginta yayanta Broda Yohanna kawai na sani, shi ma gem ɗin ne ya haɗa mu. A ɗakina a Kafanchan muka kalli wani fim da aka yi daga gem ɗin da muke bugawa. A ƙarshe jarumin ya tunkuɗa bos, wato uban mugayen, cikin ramin wuta. Yohanna ya ce ya mutu. Na ce ina! A gem sau nawa muke doke shi ya miƙe? Kuma masu fim ba wawaye ba ne, in sun kashe shi wa za su saka a kashi na biyu? Muka kwashe mako muna wannan musu a waya.

Ana cikin haka yayan mahaifin Ladi ya rasu. Ta ce in zo gaisuwa, daga nan babanta ya gan ni a karo na farko. Ta ja mini kunne: "Don Allah ka kama bakinka, Baba ba ya son mai surutu." Na goge riga, na hau acaɓa, ina ta haddace "Ubangiji ya ta'azantar da ku" a hanya.

Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne, marigayin ya yi shugabancin leburori a layin dogo, kuma duk garin, har matarsa, Bos suke kiransa. Ladi kuwa Baba Babba take ce masa.

Aka ba ni kujera kusa da Yohanna a ƙarƙashin rumfa, zumuntar matan coci na ta waƙa. Ya matso ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Kai, ka ga yadda Bos ya tafi ko?"

Na ce a raina, bawan Allah, yana so ya ɗan manta baƙin ciki ne. Sai na ɗaga murya don ya ji ni a cikin waƙar (daidai lokacin ne matan suka kai ƙarshen baiti suka yi tsit):

"Haba Broda! Bos bai mutu ba! Mugu irin wannan yana mutuwa ne? Ko cikin wuta aka jefa shi sai ya fito. Ka jira kashi na biyu!"

Jama'a! Har kazar da ke tsakar gida sai da ta tsaya. Yohanna ya dafe kai. Na hango Ladi ta saki tiren kofuna. Wani dattijo ya cire tabarau ya ƙare mini kallo, aka raɗa mini cewa shi ne babanta. Fasto ya so ya cece ni, ya ce wataƙila ɗan'uwa tashin matattu yake nufi, amma kalmar "mugu" ta ƙi shiga wa'azin. Kunya ta kama ni.

Sai matar marigayin, da idanunta duk sun kumbura, ta leƙo ta ce, "Yarona, ashe kai ma ka san shi?" Ta fashe da dariya har da hawaye, matan suka kama.

Baba bai yi dariya ba. Sai da na koma da kawuna da dattijon ikilisiyarmu, na durƙusa na bayyana masa mene ne gem (ka taɓa yi wa tsohon manomin citta bayanin rai uku da ake ba ɗan wasa a gem?) kafin ya yarda a karɓi gaisuwarmu ta neman aure.

An yi auren. A kashi na biyu kuwa bos ya dawo, ni ne da gaskiya, amma ban sami bakin faɗa ba. Na dai koyi cewa in ka ji an ce wani ya tafi, ka tambaya wane ne. Yau 'ya'yanmu biyu, amma ko jiya da na kira surukina, baban Ladi, cewa ya yi, "A'a, Kashi Na Biyu, yaya gida?"