Gwangwanin da Ke Cikin Motata

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka ce ni zan kai amarya daga Funtua zuwa Malumfashi. Ƙanwar matata ce, kuma ni na roƙi aikin da bakina, don in nuna motar da na saya da kuɗin masara.

Motar irin ta zamani ce, mai injin da ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda. Bakanikena, Malam Sani, ya ɗaura mata wani ɗan gwangwani mai tiyo biyu. Ya ce tururin baƙin mai yake tarewa, don kada ya daskare a kan bawul. "Alhaji, in ya taru ka juye," in ji shi.

To, ni manomi ne. A gidanmu ko dusa ba a zubarwa. Duk lokacin da na kwance gwangwanin na ga mai (ko abin da na ɗauka mai ne), sai in buɗe murfin inji in mayar masa da abinsa. Wata bakwai ina wannan aikin, har ina yaba wa kaina tattali.

Mun wuce Bakori kaɗan bayan la'asar, injin ya fara ƙwas-ƙwas-ƙwas, sai ya yi tsit. Amarya na kuka cikin mayafi, gwaggonninta biyu na salati, motocin rakiya duk sun tsaya. Na kira Malam Sani, ya zo a kan babur, ya zaro sandar awon mai, ya shinshina.

"Alhaji, wa ya zuba ruwa da fetur a nan?"

"Ba kowa. Na gwangwanin nan ne kawai nake mayarwa."

Ya saki baki. "Mayarwa? Ina?"

"Cikin inji mana. Ba kai ka ce in juye ba?"

"Innalillahi! Dattin da muka sha wahala muka raba shi da shi kake ɗura masa? Ai injin ya buga!"

Gwaggo Asabe, ɗaya daga cikin gwaggonnin, ta leƙo ta taga ta ce, "Ɗan nan, ashe har mota kake wa ɗure?" Amarya da kanta ta bar kuka ta fashe da dariya.

A motar abokan ango aka ƙarasa da ita, ni kuwa aka ja ni da igiya zuwa Funtua. Tun daga ranar, in aka ce mini "juye", sai na tambaya a ina.