Yadda Ake Sa wa Takardun Yaro Albarka Har Su Mutu

Kana wurin, kada ka musa. Na gan ka a kan tabarmar ƙofar gidan Alhaji Mamman a Bungudu, ka sunkuyar da kai kana ɓare gyaɗa lokacin da ake yi wa karatun Dalhatu yankan rago. Tunda ka ƙware a kallo, bari in koya maka aikin gaba ɗaya. Duk kawun da ya bi matakan nan, na yi masa alkawarin ɗan ƙanwarsa ba zai wuce Tsafe ba, kuma gari zai riƙa kiransa mai zumunci.

1. Samo yaro mai ƙwazo

Daƙiƙi ba ya buƙatar taimakonka, da kansa yake gama kansa. Nemi irin Dalhatu, ɗan Iya mai ƙuli-ƙuli, wanda ya gama difloma a fannin ban-ruwa. Wata jami'a a Malesiya ta yarda ta ƙirga masa karatun da ya riga ya yi, ta sa shi aji uku kai tsaye. Tallafin da ya samu na shekara biyun ƙarshe ne kawai, in ba a karɓi diflomar ba babu tafiya. Sharaɗinsu guda: kwalejinsa ta rubuta makin kowane darasi, ta liƙe ambulan, ta buga hatimi a bakinsa, ya isa can ba wanda ya buɗe. Riƙe wannan sharaɗi, a nan za ka yi aikinka.

2. Bar shi ya sha wahalar shi kaɗai

Tun da aka raba jiha fayil ɗin kowa ya zama maraya, Sakkwato a ce yana Gusau, Gusau a ce bai iso ba. Ga layin mai har bayan gari. Kada ka ba shi aron mashin, kada ka tambayi inda ya kwana. In ya durƙusa gaishe ka, ce masa, "Allah shi ba da sa'a." Addu'a ba ta shan fetur.

3. Ranar da ambulan ya fito, tuna kai ne kawu

A gidan mutunci ko buhun gero ba ya fita sai babba ya gani, balle takardar da za ta hau jirgi. Aika a kira shi bayan La'asar, lokacin da majalisa ta cika. Kada ka yi a ɗaki, a ɗaki yaro yana iya yi maka bayani. Ga yadda gwanin, Alhaji Mamman kawun Dalhatu, ya yi:

"Miƙo shi nan mu gani."

"Kawu, sun ce ba a buɗewa."

"Su wa?"

"Mutanen jami'ar."

"Jami'ar ta yanka maka ragon suna? Kun ji hwa wanga yaro! Tun bai tahi ba ya hwara ɓoye muna takarda."

Majalisa za ta yi dariya. Wanda bai yi dariya ba zai yi shiru, kuma shirun ya fi dariyar amfani a gare ka.

4. Buɗe, zagaya, liƙe

Sa reza ta bi ta tsakiyar hatimin. Duba takardar da kyau, ka tambaya, "To ina inda anka rubuta shi ya zo na ɗaya?" Sannan miƙa wa na kusa, kowa ya taɓa, har Mu'azu mai shayi da bai goge man gwangwani daga yatsunsa ba. Sa a yi fatiha a tofa, wanda ya fi son yaron shi zai fi jiƙa ta. Abin da bai ga dangi ba ai ba ya albarka, haka na ji Alhaji ya faɗa, kuma ban ji ka ce uffan ba.

In an gama, liƙe da ƙaro, danne da dutsen guga, ka ce, "Bature ba shi ganewa." Ba Turawa ba ne, kuma sun gane.

5. In amsa ta dawo, riga kowa salati

Za su rubuto cewa an taɓa ambulan, ba za su ƙirga masa komai ba, sai dai ya fara daga aji ɗaya da kuɗinsa. Uwarsa za ta zo zaure da mayafi a karkace.

"Yaya, mi kay yi wa takardar ɗana?"

"Albarka nis sa mata, Iya."

"To albarkar ta yi yawa, ta kashe ta."

Kada ka girgiza. Ɗora laifin a kan mahassada, in ba ta karɓa ba ka ce rabo ne, wa zai yi gardama da rabo? Daga nan nuna halin girma: injin ban-ruwan gonarka ta albasa ya daɗe yana tari, ga ƙwararre kyauta a cikin gida. Wannan shi ake kira riƙon zumunci.

Hattara

Mai wannan rubutu bai ɗauki alhakin kowa ba. In uwa ta daina amsa gaisuwarka, ko yaro ya daina haɗa ido da kai, ko aka tambaye ka ranar gobe ƙiyama, kada ka ambaci sunana, ni hanya kawai na nuna.

Amma saurara. Jami'ar ta ba Dalhatu zuwa ƙarshen wata ya aiko da wani ambulan, kwalejin kuma ta sake bugawa, ta ce daga wannan babu ƙari. Ambulan yana hannunsa tun jiya. Alhaji Mamman ya aika a kawo masa bayan Juma'a, wai wannan karon shafawa kawai zai yi. Dalhatu ba zai iya ce wa kawunsa a'a ba, haka aka rene shi, haka aka rene mu duka. Kai kuwa Alhaji ba kawunka ba ne. Kana da mashin, kana da rabin tanki. Gobe Alhamis ka ɗauki yaron nan ka kai shi gidan waya a Gusau, ka tsaya har ka ga an jefa ambulan a buhu. In ka dawo ka wuce majalisa kai tsaye, ka ce wa Alhaji kai ne ka kai shi. Fushin ya sauka a kanka, ka fi Dalhatu faɗin baya. Tashi.